Fara aikin kafinta da ƙananan injuna a Yamai: me za ka saya, da me za ka fara

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga bakin masu son shiga aikin katako: da wane inji zan fara, kuma nawa zan tanada? Wasu sun gama koyo a hannun maigida suna son buɗe tasu rumfar, wasu kuma ma'aikata ne masu son haɗa kanta ko teburi a gida ranar hutu. Duk abin da ake buƙata a farko bai wuce injuna huɗu ba: na huda, zarto mai faifai, na guga, sai zarto mai tsalle. A wannan jerin ake sayensu. Abin da ke sa aiki ya fito miƙe kuwa busasshen katako ne da awo mai kyau da majinginar yanka, wato miƙaƙƙen katakon da zarto ke bi yana yanka, tsadar inji na zuwa daga baya.

1. Duba wutar gidanka tukuna

Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, bolt 220 ce. Kowane inji da za ka saya, juya shi ka karanta ƴar takardar da ke manne a jikinsa, ka tabbata an rubuta 220 zuwa 240. Tsofaffin injunan da ke shigowa daga Amurka na bolt 110 ne ko 120, kana cusa su a soket sai hayaƙi.

Sannan je wurin mita ka ga amfiya nawa aka rubuta a kan makashin wutar gidan. Lissafin mai sauƙi ne: raba wat ɗin inji da 220. Zarto mai wat 1400 na jan amfiya 6 da ɗoriya, kuma a daidai lokacin da ka kunna shi yana jan ninkin haka sau biyu ko uku na ɗan ƙiftawar ido. In makashin gidan na amfiya 5 ne, zarton zai riƙa kashe wutar gida duka. In na 10 ne zai ɗauka, muddin ba a kunna dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa tare da shi ba.

Doguwar waya: in tsawonta bai wuce mita 15 ba, mai kaurin 1.5 ta isa. In ya wuce haka, nemi mai 2.5. Siririyar farar wayar da ake jona fanka da caja ba ta aikin nan ba ce, tana zafi, wuta ta iso inji da rauni, inji ya yi ta gurnani yana ƙona kansa. In wayar ta naɗi ce, warware ta duka kafin aiki.

Wanda zai dogara da janareta ya nemi mai ƙarfin kVA 2.5 zuwa sama. Ƙaramin nan na kunna fitila da talabijin zai juya injin huda da na guga, amma ba zai tayar da zarto ba.

Hattara: injunan da ke shigowa ta Najeriya kan zo da fulogi mai ƙafa uku masu faɗi, soket ɗinmu kuwa na ƙafa biyu zagayayyu ne. Canza fulogin gaba ɗaya. Kar ka yanke shi ka cusa tsirarar waya a soket ka tokare da tsinke.

2. Raba kuɗin kafin ka shiga kasuwa

Farashi na sauyawa da kuɗin jigila da halin iyaka, don haka zaga shaguna uku aƙalla, a kasuwar Katako da wajen Babbar Kasuwa, kafin ka fiddo kuɗi. Abin da ba ya sauyawa shi ne rabon. Kasa abin da ke hannunka gida uku: kashi biyu na injuna, kashi ɗaya na ƙananan kaya. A ce kana da jika 150, kar injuna su ci fiye da jika 100. In kuɗin ba su kai injuna huɗu ba, sayi biyun farko ka dakata.

Ga abin da kashi na ukun zai saya: tef ɗin awo na mita 5, ma'aunin kusurwa na ƙarfe (ekar) mai santimita 30, ƙarafan matse katako huɗu, biyu masu buɗewa santimita 30 biyu kuma 60, guduma, zarton hannu, kurfi biyu, fensir, farin gam na katako, sukuru, samfefa, faifan zarto na biyu, doguwar waya, tabaran kariya, takunkumin ƙura da abin toshe kunne. Yawancin masu farawa a nan suke tuntuɓe. Sai mutum ya zuba kuɗinsa duka a inji mai suna, ya koma yana danne katako da gwiwa saboda babu abin matsewa.

Gwada ekar ɗin tun a shago. Jingina shi da gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, ka juya shi ɗaya gefen ka sake ja a wuri guda. In layukan biyu sun rabu, ekar ɗin karkatacce ne, kuma duk abin da ka auna da shi zai karkace.

3. Injin huda

Nemi mai waya, wat 500 zuwa 750, mai bakin da ke buɗewa har milimita 13. Abubuwa biyu ba a yi musu rangwame: ya zama gudunsa na ƙaruwa gwargwadon yadda ka danna kunamar, kuma yana juyawa baya. In babu su, ba za ka iya ɗaura sukuru ko kwance shi da injin ba, ka yi asarar rabin amfaninsa.

Mai batir yana da daɗin riƙewa, yana kuma ceto ranar da aka ɗauke wuta, sai dai zafin Afrilu da Mayu na Yamai, da ke wuce digiri 40, na saurin gajiyar da batir, kuma kuɗin sabon batir kan kusa kai na injin. Bar shi ya zama sayayya ta gaba.

Tsinken huda na katako yana da ɗan tsini a tsakiya wanda ke hana shi zamewa. Sayi na milimita 3, 4, 5, 6, 8 da 10, da mai faɗin baki 20 ko 25, da ɗan ƙaramin da ke buɗe bakin rami don kan sukuru ya nutse. Tsinken ɗaura sukuru kuma iri biyu ne masu kama da juna: PZ2 na sukurun katako ne mai ƙarin ƴan zane huɗu a kansa, PH2 na baƙin sukuru ne. In ka haɗa wannan da wancan, kan sukurun zai lalace tun bai gama shiga ba.

Dokar sukuru: huda kafin ka ɗaura. Sukuru mai kaurin milimita 4 yana son ramin 4 a katakon sama, da ramin 2.5 ko 3 a na ƙasa. Ramin sama mai faɗi shi ke sa sukuru ya janyo katakon biyu su haɗe. In ba ka huda ba, jan katako zai karya sukurun, farin katako kuma zai tsage in kana kusa da baki.

Hattara: yawancin injunan nan na da maɓallin duka na huda siminti, mai hoton guduma. A katako a kashe yake zama.

4. Zarto mai faifai

Wannan shi ne injin da zai fi rage maka wahala, shi ne kuma wanda ya fi cire yatsu, saboda haka za mu daɗe a kansa.

Girman da ya dace da mai farawa shi ne mai faifan milimita 185, wat 1200 zuwa 1400. Yana yanka kaurin da ya kai santimita 6 da ƴan kai, wanda ya ishe ka filanki da filawud da sandar ƙafar teburi. Mai faifan 235 ya yi nauyi ga hannun da bai saba ba. Duba tafin injin: in na siririn ƙarfe ne da ke lanƙwashewa da ka matsa da yatsa, yankan ba zai taɓa tsayawa daidai ba.

Faifai biyu kake so. Mai haƙora 24 na tsaga filanki ne a tsawonsa, yana ci da sauri yana fidda dusa. Mai haƙora 40 zuwa 60 na datsewa ne a gicciye da yankan filawud, yana tafiya a hankali amma bakin yankan na fita sumul. Kafin ka sayi faifai, san faɗin ramin tsakiyarsa, domin akwai na milimita 16, 20 da 30. Tafi da tsohon faifan kasuwa, ya fi sauƙi. Wajen ɗaurawa, kibiyar da ke kan faifai ta bi ta kan murfin inji, kuma fulogi a cire.

Saita zurfi kafin kowane yanka. Haƙoran su leƙo ƙasan katako da kamar rabin santimita kawai. Faifan da ya fito da yawa ya fi saurin kamawa, ya fi kuma muni in ya sami jiki.

Haƙoran zarton nan daga ƙasa suke tasowa sama, don haka fuskar da ke sama ce ke tsattsagewa. Kifa kyakkyawar fuskar filawud ƙasa, ka yi zanenka a bayansa. Faifan na cin milimita 2 zuwa 3 na katako, to a kullum ya bi ta gefen layin da za a yar. In ka bi ta tsakiyar layi, kowane yanki zai gaza da milimita ɗaya ko fiye, in an zo haɗawa sai ƙofa ta ƙi rufuwa.

Babban haɗarinsa shi ne harbawa da baya. Yana faruwa ne in katako ya matse faifan a tsakiyar yanka: haƙoran baya su kama, injin ya tashi ya yo kanka. Sanadin da ya fi yawa shi ne ɗora katako a kan abin tallafi biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, a yanka a tsakiya. Da yanka ya yi nisa, katakon ya lotsa ciki ya cije faifan. In filanki ne, matse dogon ɓangaren a teburi ka bar guntun ya faɗi da kansa. In fallen filawud ne, shimfiɗa sanduna huɗu a ƙasa, biyu a kowane gefen layi, ka kwantar da shi a kai ta yadda babu ɓangaren da zai motsa bayan an raba su. Kunna inji ya kai cikakken gudunsa kafin faifai ya taɓa katako. Tsaya a gefe kaɗan, ba a bayan faifan sak ba. Hannu biyu a kan inji. In ya maƙale, saki kunama, jira ya tsaya cak, sannan ka zare shi.

Hattara: za ka ga wasu sun ɗaure murfin faifan da waya ko sun cire shi don wai yana tare musu gani. Kar ka kwaikwaya. Faifan na ci gaba da juyawa bayan an saki kunama, in ka ajiye injin ba murfi zai yi tafiya a ƙasa ya nufi ƙafarka.

Hattara ta biyu: kar ka ɗaura faifan zarto a injin yankan ƙarfe na masu walda don ka huta da sayen zarto. Gudunsa ya ninka na zarton katako kusan sau biyu, ba shi da tafin da zai zauna a kai, in ya kama babu hannun da ke riƙe shi.

Tufafi ma abin dubawa ne. Naɗe hannun riga, cire babbar riga, tura jelar rawani ciki ko ka kwance shi. Safar hannu ba ta tare da inji mai juyawa, zare ɗaya ya kama sai ya ja hannun duka.

5. Injin guga da zarto mai tsalle

A injin guga, ɗauki mai tafi mai kusurwa huɗu da ke riƙe takarda da maƙalai biyu. Dalili na kuɗi ne: fallen samfefa na kasuwa, mai santimita 23 da 28, in ka yanka shi uku zai ba ka takarda uku daidai tafinsa. Mai zagayayyen tafi ya fi sauri, amma takardarsa ta musamman ce, ta fi tsada, ba kuma kowane shago ke da ita ba.

Zarto mai tsalle na yankan lanƙwasa ne da fitar da rami a tsakiyar katako. Wat 500 zuwa 700 ya isa. Bakunansa na da lamba a jiki: T144D na saurin yanka, T101B na yanka mai tsabta, T119BO na lanƙwasa matsattsiya. Mutane da yawa da shi suke farawa saboda ya fi araha kuma bai da ban tsoro, daga baya su yi ta mamakin yadda dogon yanka ke fita a karkace. Bakinsa siriri ne, yana lanƙwashewa a katako mai kauri, sama ya bi layi ƙasa ya kauce. Shi ya sa ya zo na huɗu.

6. Gwajin inji a gaban mai shago

Sabo ne ko na hannu, kar ka biya sai an kunna. Saurari ƙararsa: ta zama ɗaya, ba mai hawa da sauka ko ƙarar tsakuwa ba. Leƙa ta ramukan iska na baya. Ɗan tartsatsi shuɗi ba komai, amma in wuta na zagaye cikin kamar zobe, ko kana jin warin ƙuna, ajiye shi. Sa dogon tsinke a injin huda ka kunna a hankali, in bakin tsinken na rawa, sandar ta lanƙwashe. A zarto, cire fulogi ka girgiza faifan gefe da gefe, bai kamata ya yi wasa ba, ka ja murfin ka saki ka ga ya koma da kansa nan take.

Tambayi mai shago ko yana da gawayin injin, wato ƴan baƙaƙen sandunan nan biyu da ke kai wuta cikinsa. In akwai, sayi biyu ka ajiye tun yanzu. Injin da ba a samun gawayinsa a gari, ranar da ya cinye aikinsa ya ƙare.

Game da suna: jabun Makita da Bosch sun yi yawa a kasuwannin yankin nan. In aka ba ka babban suna da kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, ka san inda aka dosa, araha ba ta ado. Inji mai matsakaicin suna irin Ingco ko Total, na gaskiya, ya fi jabun babban suna. Karɓi rasit mai lambar inji, ku kuma yi magana a kan kwana nawa za ka iya maido shi.

7. Sayen katako da busar da shi

Kusan duk katakon aiki da ke Yamai daga ƙasashen gaɓar teku yake zuwa, Gana, Kwaddibuwa, Benin da kudancin Najeriya, inda iska ke da laima. Da ya iso nan sai ya fara zubar da ruwan jikinsa, musamman da hunturu. Filanki mai faɗin santimita 30 na iya raguwa da rabin santimita ko fiye. In ka haɗa teburi da shi yana ɗanye, bayan wata biyu za ka ga tsaga tsakanin filankai, ƙofa ta murɗe, gam ya saki.

Farin katako, wanda ake kira samba, shi ne na koyo: mara nauyi, mai taushi, mai sauƙin kuɗi. Aibinsa gara da ƙwaro na sonsa, kuma ba ya riƙe sukuru da ƙarfi in an cika ɗaurewa. Jan katako ya fi ƙarfi da kyau da tsada, ya fi kuma cin faifai. Bar shi sai hannu ya faɗa. Filawud, wanda a Katako za ka ji ana ce wa kwantirfilake, yana zuwa a falle mai santimita 122 da 244. Na milimita 4 ko 5 na bayan kabad ne, 15 da 18 na jiki da saman teburi. Duba gefensa, in akwai ramuka tsakanin falle da falle ko yana ɓarewa da farce, wuce.

Zaɓi filanki da kanka. Ɗaga ƙarshe ɗaya zuwa ido ka hango tsawonsa. Mai ɗan baka za a iya datsa shi gajeru a yi amfani da shi, murɗaɗɗe kuwa ba shi da magani. Guji mai ƙananan ramuka da gari ke zubowa daga ciki, da mai nauyi da sanyi fiye da ƴan uwansa, wannan ɗanye ne. Auna tsawo da kauri da tef ɗinka kafin a yi ciniki.

A gida, jera shi a inuwa, sama da ƙasa da kamar santimita 20, ka sa ƴan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin filanki da filanki kowane rabin mita, kowace a saitin ta ƙasanta, ka ɗora nauyi a sama. Ba shi mako biyu zuwa uku, da damina fiye da haka. Kar ka shanya shi a rana don sauri, fuska ɗaya za ta bushe ta bar ɗayar, ya lanƙwashe ya tsage a baki.

Bayan ya bushe, kai shi wurin masu babban injin da ke fere fuskar katako ya daidaita kaurinsa, ana samunsu kusa da masu sayar da katako, ana biya a kan kowane filanki. Wannan ya fi maka sayen injin fera na hannu yanzu.

8. Haɗa majinginar yanka

Rabin awa za ta ci, ita ce kuma za ta sa zartonka mai araha ya yi yankan babban inji. Daga dogon gefen filawud na milimita 10, yanko tsiri mai faɗin santimita 8 da tsawon 140, ka kula da gefen da ya zo daga masana'anta, shi ne miƙaƙƙe. Yanko wani tsirin daga filawud na milimita 5, faɗin santimita 30, tsawonsa daidai da na farko. Manna na farkon a kan na biyun da gam da gajerun sukuru, ka bar santimita 5 a baya don matsewa, miƙaƙƙen gefen na kallon ɓangare mai faɗi. In gam ya kama, jingina tafin zarto da miƙaƙƙen gefen ka yanke abin da ya yi saura na ƙasan.

Yanzu bakin majinginar shi ne daidai inda faifai ke bi. Ka sa alama biyu a katako, ka ɗora bakinta a kansu, ka matse, ka yanka. Ta zauna a kan ɓangaren da kake so, ba wanda za a yar ba. In ka canza faifai zuwa mai wani kauri, sai an sake gyara bakin.

9. Aikin farko: teburin aiki

Kafin kujera ko gado, haɗa teburin da za ka riƙa aiki a kai. Zai sa ka yi amfani da injunan huɗu duka, kuma in ya ɗan karkace babu mai saye da zai yi ƙorafi.

Kayan: rabin fallen filawud na milimita 18, sanda mai santimita 6 da 6 tsawon mita 4, filanki mai faɗin 30 da kaurin 2.5 wanda tsawonsa ya kai santimita 230, sukuru mai kaurin milimita 5 da tsawon 60 guda 32, mai kaurin 4 da tsawon 40 kamar 24, da gam.

Raba rabin fallen biyu, kowane ya zama kusan 122 da 61. Ɗaya shi ne sama. Datse ƙafafu huɗu, kowace santimita 83. Jera su ka matse su tare ka duba, in ɗaya ta fi, gyara yanzu. Tsaga filankin gida uku, kowane tsiri santimita 9.5. Daga tsiri biyu fitar da dogayen ɗamara, wato katakon da ke haɗa ƙafa da ƙafa, guda huɗu masu 112, daga na ukun gajeru huɗu masu 46. In kaurin filankinka ba 2.5 ba ne, tsawon gajerun shi ne 51 a cire kaurin sau biyu.

Fara da gefuna biyu gajeru. Kwantar da ƙafa biyu, ɗora gajeriyar ɗamara ɗaya daidai da kansu, ɗayar kuma santimita 15 daga ƙasa, bakin ɗamara daidai da gefen ƙafa. Shafa gam, duba da ekar, matse, huda, sa sukuru biyu a kowace mahaɗa. Sannan tsayar da gefunan biyu ka haɗa su da dogayen ɗamara, waɗanda za su rufe bakin gajerun.

Hattara: sukurun doguwar ɗamara da na gajeriya a ƙafa ɗaya suke haɗuwa. Saɓa tsayinsu da santimita ɗaya ko biyu, in ba haka ba na biyun zai ci karo da na farko ya karye a ciki.

Kafin gam ya bushe, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka sake auna ɗaya gicciyen. In awon biyu ɗaya ne, firam ɗin ya tsaya daidai. In sun bambanta, tura kusurwar da ta fi tsawo ciki har su daidaita. A zafin nan farin gam na fara kamawa cikin ƴan mintuna, don haka haɗa komai ba gam tukuna ka ga ya zauna, sannan ka kwance ka shafa. Wanda ya tsatso waje goge shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take, in ya bushe banish ba ya kama wurin. Gam mai warin fetur da ake manna fomika da shi ba na mahaɗa ba ne.

Ɗora saman ya zarce firam da santimita 5 ta kowane gefe, nan ne abin matsewa zai riƙa kamawa. Nutsar da kan sukuru ƙasa da fuskar katako don kar faifai ya same su wata rana. Ɗaya yankin filawud ɗin rage shi zuwa 112 da 51, ka fitar da murabba'in santimita 8.5 a kowace kusurwa da zarto mai tsalle, ya zauna a kan ɗamarar ƙasa ya zama ma'ajin injuna. Bar teburin ya kwana kafin ka yi duka a kansa.

10. Guga da shafa

Fara da samfefa mai lamba 80, ka koma 120, ka gama da 180. Kar ka tsallake ta tsakiya, zanen da 80 ta bari 180 ba ta iya share shi, sai an shafa banish ya fito ɓaro-ɓaro. Kar ka danna inji, nauyinsa ya isa. A filawud fara daga 120, domin fallen samansa siriri ne, in ka ci shi babu gyara. Sa takunkumi, ƙurar jan katako na sa atishawa da ƙaiƙayi, wasu har numfashi take kama musu.

Farin katako a shafa masa maganin gara kafin banish, a jiƙa ƙasan ƙafafu sosai. Shafin banish na farko a tsinka shi da kamar kashi ɗaya cikin goma na ruwan da aka rubuta a gwangwaninsa, kowane iri da nasa ruwan. In ya bushe, bi shi da samfefa 240 da hannu sama-sama, share, ka sake shafawa. Yi da sassafe, a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ranar da iskar hunturu ke tashi, bar shafa sai gobe.

11. Kula da injuna

Da an ɗauke wuta, kashe inji ka zare fulogi kafin ka yi komai. Injin huda da na guga da zarto mai tsalle suna da maɓallin da ke kulle kunama. In wuta ta dawo yana kulle, injin zai tashi shi kaɗai a kan teburi, wataƙila yaro na kusa. Haka in ka ga fitila ta dushe ko ƙarar inji ta yi ƙasa, wutar ta yi rauni, dakata har ta daidaita.

Kowace yamma busa ƙurar da ke ramukan iska, ko da famfon keke ne. Ƙura da dusa su ke toshe iska su dafa inji. In jikinsa ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, bar shi ya huta. Gawayi in ya rage kamar rabin santimita, canza duka biyun tare. Faifan da ya fara ƙona katako yana barin baƙin zane, ko dai ya dakushe ko ƙaro ya manne a haƙoransa. Wanke shi da kananzir da tsohon buroshi tukuna, in bai gyaru ba a kai wasawa ko a sauya.

12. In an fara kawo maka aiki

Rubuta kuɗin katako, ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da zai tafi a yanka da ɓarna. Ƙara sukuru, gam, samfefa, banish, ferewa da kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa. Wutar ma a lissafa: inji mai wat 1000 in ya yi awa ɗaya yana juyawa ya ci kusan kilowat-awa ɗaya a mitar wuta, in da janareta ne kuma a sa kuɗin mai. Ware wani abu kaɗan a kowane aiki na faifai da gawayi, sannan ka ɗora ladan hannunka a kan kwanakin da aikin zai ci. Karɓi kuɗin kaya kafin ka fara, ku rubuta tsawo da faɗi da irin katakon a takarda, kowa ya riƙe tasa. In katakon sabon saye ne, sa makonnin bushewa cikin ranar da za ka ce a zo a ɗauka.